Gaisuwar da Na Kai Gwaram a Makare

A shekarar da mahaifin abokina ya rasu a Gwaram, ina koyarwa a wata sakandare a Birnin Kudu. Tare muka yi karatu da abokin nan, kuma na sha cin tuwon gidansu, don mahaifinsa malami ne mai makarantar Islamiyya, zaurensa ba ya rabuwa da baƙi. Labarin rasuwar ya same ni muna tsakiyar jarrabawa. Na ce bari in je ranar sadakar uku. Ranar uku aka tashi da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na ce to, ranar bakwai.

Kafin bakwai ta zo sai na fara tunani, ni kuwa idan na fara tunani ba na yi masa rowa. Me zan ce ya hana ni zuwa jana'iza? In kira shi a waya? A'a, waya raini ce ga amini irin wannan, sai dai ƙafa. In riƙa goro ne ko shinkafa? Idan na kai shinkafa, kada a ce ina so in toshe bakin mutane. Haka na yi ta girmama abokina har aka yi arba'in ban kira shi ko sau ɗaya ba.

Daga nan abin ya koma gudu. Idan na bi ta tasha na ji kwandasta yana cewa, "Gwaram, saura mutum ɗaya," sai in ga kamar da ni yake. Na daina sayen nama wajen mahaucin da na saba, saboda mutumin Sara ne, Sara kuwa ƙasar Gwaram ce. Na koma wajen wani da yake haɗa ni da ƙashi da jijiya. Sauran ayyuka ma suka shiga layi: famfon gida yana ɗiga, takardun ƙarin girma suna jiran in kai ofis, rufin ɗakin Innata a Surko yana yoyo. Kowanne na gama shi tsaf a cikin kaina.

Wata Juma'a bayan la'asar matata tana tsince wake a faifai ta dube ni. Ita ma malama ce, kuma ita ke tsara jadawalin darussa a makarantarsu.

"Malam, jikinka ne kawai a gidan nan. Me ke damunka?"

Na zayyana mata komai. Ta ce, "Cikinsu wanne ne zai yiwu gobe?"

Na fara yi mata bayanin yadda al'amuran suke sarƙe da juna.

"Ban tambayi tarihinsu ba. Gobe Asabar, babu makaranta, sai ka tafi Gwaram. Lahadi mai gyaran famfo, ni zan aika a kira shi. Ofis ba ya buɗewa sai Litinin, saboda haka takardu su bar maka kai har Litinin. Rufin Inna kuma ƙarshen wata."

"To me zan ce masa?"

"Abin da kowa yake cewa. Ya haƙuri."

Washegari na shiga mota ina ta bitar jawabin neman afuwa, mai gabatarwa da dalilai. Na tarar da abokina a zaure, zaune a kan buzun mahaifinsa, ɗalibai manya sun kewaye shi. Ya miƙe ya riƙe hannuna ya ƙi saki.

Na ce, "Ya haƙurinmu? Allah Ya jiƙan Malam."

"Amin. Kai dai ba ka gajiya. Ka zo ranar uku cikin ruwan nan, yanzu kuma ka sake dawowa."

Kafin in buɗe baki ya ci gaba.

"Na hango ka can bayan rumfa da farar hula, jama'a ce ta hana ni ƙarasowa. Tun lokacin nake so in zo Birnin Kudu in yi maka bangajiya, kullum sai in ce gobe. Wallahi kunyarka nake ji, shi ya sa ko waya na kasa yi."

Zuciyata ta ce in karɓi ladan da aka ba ni in yi shiru. Amma a zauren marigayin muke, sai na gaya masa gaskiya: ban zo ba, yau ce zuwana na farko. Ya dube ni, sannan ya yi dariya har ɗaliban suka ɗago kai.

"To wane bawan Allah na yi ta sa wa albarka?"

Muka shiga ciki na gaida Hajiya, mahaifiyarsa. Ba ta tambayi dalilin komai ba. Cewa kawai ta yi na rame, ta sa aka kawo fura.

Tun daga ranar nake ba kowane aiki ranarsa, in hana kaina taɓa shi kafin ta zo. Tunanin bai bar ni ba, amma yanzu yakan jira a kira shi.

Da abokina ya rako ni tasha ya ce lalle zai zo gidana kwanan nan. Na ce ya faɗi rana. Ya ce Alhamis, tunda babu karatu. Ya zo kuwa, sai dai ba wannan Alhamis ɗin ba, ta gaba.