Tauraro na Huɗu a Rigar Baba Isyaku

Har yau ban manta da Asabar ɗin da Baba Isyaku ya ɗora tsohuwar rigarsa a kan keken ɗinkina ya ce in ƙara mata tauraro ba. Ku yaran shago kun sha jin guntun labarin a bakin mutane, kowa da yadda yake faɗa. Yanzu da nake zuwa ajin manya na yamma, hannuna ya fara sabawa da biro, na ga gara in rubuta muku shi yadda ya faru.

A watan Fabrairun 2024 ne, a shagonmu na Abakpa, wurin maigidanmu Alhaji Sani. Ga wanda bai san tsarin shagon tela ba, maigida ne ke karɓar aiki ya yi magana da mai kaya. Mai yanka ya yanka, masu haɗi su haɗa, sannan a miƙo wa mai surfani, wato ni, in yi ado da zare a wuya ko a ƙirji. Aikina ya bambanta da na sauran ta wuri guda. Ɗinkin haɗi idan ya karkace, ana farke shi da reza a sake. Surfani kuwa allura ce ke sukar wuri ɗaya ba adadi. Ko ka cire zaren, ramukan suna nan.

Ranar Laraba 'yan wasanmu na ƙasa suka fitar da Afirka ta Kudu da bugun fenariti, suka kai wasan ƙarshe na kofin Afirka. Kai, Kaduna ta rikice! Masu babur da masu keke sai hon suke yi, wanda ba ka taɓa gani ba ma ya rungume ka a titi. Da safiyar Alhamis sai ga Ciyaman Lawal, shugaban majalisar masu kallon ƙwallo ta Malali, ya sauke buhun korayen jesi a tsakiyar shago.

A wurin masoya ƙwallo, tauraro ɗaya a ƙirjin riga yana nufin kofi ɗaya. Mu kuwa sau uku muka ɗauki na Afirka: a 1980, da 1994, da 2013.

Ciyaman ya ce, "Oga Sani, huɗu-huɗu za a sa mana."

Oga ya ce, "Ciyaman, ai uku ne."

"Uku ne yau! Ranar Lahadi fa? Kwaddibuwa ce fa za mu kara da ita. Ba mun riga mun ci su tun a rukuni ba, a cikin gidansu? So kake sai Litinin mu zo mu bi layi a wurin tela, 'yan Kurmin Mashi sun riga mu fita gari da nasu?"

Oga ya dube ni, na dube shi, muka fashe da dariya. Babu wanda ya yi musu. Na kunna keke, na ɗaura farin zare, na shiga fitar da taurari. Rediyo na ta sharhin wasa, masu haɗi na ta gardamar wanda zai fara jefa ƙwallo a raga. Da na samu sarari ma, tawa jesin na ciro na buga mata huɗu, na saka abata ina aiki.

Ranar Asabar bayan la'asar Baba Isyaku ya shigo, yana laluben ƙofa da sanda. Tsohon akawu ne a wata ma'aikatar gwamnati, ya daɗe da yin ritaya, kuma shi ne dattijon majalisar su Ciyaman. Duk gardamar da ta tashi kan tarihin ƙungiyar ƙasa, a gabansa take mutuwa. Ya zaro rigarsa daga leda da hannu biyu.

Na san rigar nan sarai. Koriya ce ta auduga, ya saye ta a Legas a 1980, lokacin da ya hau jirgin ƙasa ya je kallon wasan ƙarshe da idonsa. Tauraron farko matarsa Hajiya, Allah ya jiƙanta, ita ta ɗinka shi da hannu, har ƙafarsa ɗaya ta fi sauran tsawo. Na biyu marigayi mahaifin Oga ne ya yi. Na uku ni na yi, washegarin da muka ci Burkina Faso a wasan ƙarshe na 2013. Haka Baba yake yi, sai an ɗaga kofi yake kawo ta.

Ya ce, "Hamisu ɗana, sa mata na huɗun."

Na ce, "Baba, yau fa Asabar."

"Na san kwanakin mako tun ba a haife ka ba. Gobe kowa a majalisa zai zauna da huɗu, ni da na je Legas in zauna da uku kamar baƙo? Ga shi ranar Talata za a yi min aikin ido, likita bai ba ni tabbas ba. Ina so in ga huɗu a ƙirjina tun ina ɗan gani."

Na ɗaga rigar saitin ƙofa. Wallahi ta cikin yadin nake hango masu wucewa. Na ɗan ja gefen ƙirjin da yatsa, na ji zaren yana saki. Na ajiye ta a hankali na ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba zan sa mata allura yau ba. Litinin da sassafe ka zo, kafin in taɓa aikin kowa zan yi naka."

Oga ya taso ya ja ni bayan teburin yanka. Ya ce, "Hamisu, dattijo ne fa yake magana. Ka ɗinka wa yara ka hana ubansu? Mai kaya ya ce a yi, a shagon nan ana yi."

Na ce, "Oga, na yaran sabon yadi ne, gobe ana samun irinsa a kasuwa. Wannan idan allura ta shiga, shi ke nan. Kuma kai ma ka san Baba. Mutumin da ke tsayar da hira don an yi kuskuren shekara ɗaya, ba zai kwana da tauraron da ba a ci ba. In ba mu ɗauki kofin gobe ba, zai ce a cire. In aka zo cirewa ƙirjin ne zai yage gaba ɗaya, har da na Hajiya."

Ashe Baba yana ji. Ya matso ya shafa ƙirjina, yana ƙirga taurarin jesina da yatsa. Ya ce, "To malam mai wa'azi, wannan fa? Ɗaya, biyu, uku, huɗu! Ja'iri, kai ka sa, ni ka hana ni!"

Masu haɗi suka kwashe da dariya har da buga tebur. Na ce, "Baba, tawa ta gwanjo ce. Amma kai ka koya mana tarihin nan. Sau nawa muka kai wasan ƙarshe muka dawo ba kofi?"

Bai iya ƙin amsawa ba, don abin a jininsa yake. Ya ce, "Kamaru a tamanin da huɗu. Kamaru a tamanin da takwas. Aljeriya a casa'in. Sai Kamaru kuma a dubu biyu, a Legas, a fenariti." Sai ya buga sandarsa a ƙasa. "Amma wannan karon daban ne! Ka ga 'yan bayanmu? Ka ga mai tsaron gidanmu? Ba ni kayana. Telan Kaduna ba kai kaɗai ba ne."

Ya naɗe rigarsa ya fita. Oga ya ɗaure min fuska har muka rufe shago. Baba abokin mahaifinsa ne, kuma ban san ko zai sake tako shagon ba. Abin da ya fi damuna shi ne, wani telan zai karɓa ya ɗinka ba tare da ya ɗaga yadin ya duba ba.

Wasan Lahadi kowa ya san yadda ya kasance. Mu muka fara ci. Lokacin da unguwa ta ɗauki ihu, ni ma na yi tsalle har hulata ta faɗi, amma a raina cewa nake, Hamisu, ka hana tsoho farin cikinsa a banza. Bayan hutun rabin lokaci 'yan Kwaddibuwa suka rama, suka ƙara, kofi ya zauna a gidansu.

Litinin da safe ina buɗe shago sai ga Ciyaman da mutanensa, kowa da jesinsa a hannu, ba mai sanye da ita. Ciyaman ya ce, "Malam Hamisu, a rage mana ɗaya." Na ɗauki tawa na farke tauraron a gabansu, na ɗaga musu. Zaren ya fita, amma ga siffar tauraron nan raɗau da ƙananan ramuka.

Can sai wani a cikinsu ya tafa hannu. "Ku tsaya! Zinaren da muka ci a gasar Olamfik ta 1996 fa? Ai shi ne na huɗun!"

Ciyaman ya yi wuf ya ce, "Ƙwarai kuwa! Ni da ma shi nake nufi tun farko." Nan take suka fara saka rigunansu, hayaniya ta dawo sabuwa, har da masu ba da labarin yadda aka ci Brazil da Ajantina.

Ana cikin haka muka ji sanda a bakin ƙofa. Baba Isyaku ne, da ledarsa. Ciyaman ya ce, "Yawwa Baba, raba mana gardama. Olamfik ba ya cikin lissafi?"

Baba ya ce, "Wannan gasar 'yan ƙasa da shekara ashirin da uku ce, ba ta babbar ƙungiya ba. Amma ku bar abinku, ai ku ma yara ne."

Dariyar da aka yi, har Oga sai da ya riƙe ciki. Ni kuwa idona na kan ledar. Baba ya zauna a kujerar da ke gefen kekena, ya zaro rigar ya shimfiɗa. Taurari uku, ƙirjin lafiya lau.

Ya ce, "Na je wurin wani tela a Kurmin Mashi. Yadda ya fizgo ta daga leda kamar tsumman goge takalmi, na ce ba ni kayana." Ya kama hannuna ya ɗora a wurin da babu komai, gefen tauraro na uku. "Ka ce Litinin aikina ne farko. To ka sa mata ƙyalle ta ciki a nan, mai ƙwari. Ranar da na huɗun zai zo, ya samu abin kamawa."

Ban kunna keke ba. Da hannu na yi shi, da siririyar allura, shi kuma yana zaune yana faɗa min inda kocinmu ya yi kuskure. Aikin idon da aka yi masa washegari, Alhamdulillahi, ido ɗaya ya buɗe.

Abin da na ɗauka daga wannan rana shi ne, mai kaya yana shigowa shago da zumuɗinsa, kuma yana da haƙƙin yin zumuɗi. Kai ma tela kana da naka, don ni ma na yi. Amma kafin ka sauke allura, ka ɗaga yadin ka duba, ka tambayi kanka ko abin da za ka yi yana gyaruwa. In yana gyaruwa, yi wa mutum abin da yake so ku yi dariya tare. In ba ya gyaruwa, ka jure fushinsa, ko da maigida ma ya taya shi. Masoya ƙwallo ba sa riƙo. Wanda ya fita yana cewa ba zai sake tako ƙofarka ba, shi ne zai dawo ya zauna kusa da kekenka, yana tsara maka yadda za a ci kofi na gaba.