Na'urar da Aka Ɗinke Kamar Laya

Direba ya danna hon a tashar Tawa, kowa ya zabura, amma yarinyar da ke tsaye gaban motar ko gezau. Ubanta ya fizgo ta.

Dogo ne siriri, rawaninsa ya koɗe, dugadugansa duk faso irin na mai bin dabbobi. Bayan kunnen yarinyar akwai tabon aikin likita. Na'urar ji da ya kamata ta manne a wurin tana tafin hannunsa, an ɗinke ta cikin jar fata.

"Malam, za ka Yamai ko in ba wani kujerar?" in ji mai tikiti. Sai ya hango abin. "Subhanallahi! Wa ya yi wannan aika-aika?"

"Inna ta kai wa baduku a Barmu, wai kar ta ɓace. Basilla ta huda ta." Uban ya dubi yarinyar. "Wata huɗu kacal Zahara ta yi tana jin muryata. Har ta fara cewa Baba."

Ya durƙusa yana kanga fatar kan tabon, yana kiran sunanta a hankali, sannan da ƙarfi. Ita dai leɓensa take kallo. Wataƙila garke guda ya sayar kafin a yi mata dashen na'urar, kuma ba alamar akwai wani garken.

Tun hantsi ya tura wa likitan Yamai hoton na'urar, yana tambaya ko za ta gyaru. La'asar ta yi, motar ta tashi ta bar su a tasha, amsa ba ta zo ba.