Jikan Arɗon da Ba Shi da Saniya

Da farko ban ɗauki takardun a bakin komai ba. Na dawo gida ne a tsakiyar shekarun 1980 bayan dogon karatu a ƙetare, inda aka saba mini da cewa tarihi sai da hatimi da sa hannun manya. Abin da na tarar cikin kwali a ɗakin ajiya na wani laburare da ke Nassarawa a Kano kuwa, 'yan shafuka ne da aka gurza a inji, tawadar ta yi dishi-dishi, wani gefen har da tabon man ƙosai. Sunan jaridar Tsatso, ta Ƙungiyar Sanin Asali ta Ma'aikatan Bompai. Na ce a raina wannan ai hirar teburin mai shayi ce aka buga. Har yau ban gama yanke hukunci ba ko tarihi ne, amma na nemi mutumin da yake shirya ta, na same shi, ga kuma abin da na ji.

Sunansa Malam Gwadabe. Ya baro ƙauyensu a ƙasar Jahun a farkon shekarun 1970, ya sami aiki a wata masaƙa da ke Bompai. Siriri ne, dogo, kuma ƙarar injin saƙa ta koya masa magana da ƙarfi, har idan yana yi maka raɗa na bakin ƙofa yana ji. Ciwonsa ɗaya ne, tambaya. Da zarar jiniya ta yi kuka an fito hutu, ya hango baƙuwar fuska a teburin Lawan mai shayi, sai ya matsa kusa.

"Samari, daga ina? Wa ya haife ka?"

Kafin shayi ya huce ya haɗa ɗan Damagaram da ɗan Gaya zumunci ta wajen wata kaka da dukansu ba su taɓa gani ba. Da abin ya yi yawa sai abokai suka ce a kafa ƙungiya kawai a huta. Aka kafa. Falalu, akawun ofis, shi yake buga rubutun a tafireta, ya gurza a inji da izinin manaja. Kowace fitowa tana ɗauke da asalin gida ɗaya. Ma'aikatan majemun Challawa da na kamfanonin Sharada suka riƙa aiko da nasu, kuma ba mai kiran jaridar da sunanta, kowa Wa Ya Haife Ka yake ce mata. Duk fitowa Gwadabe yakan hau kekensa ya kai kwafi ɗaya laburare, don ya ji an ce abin da ya shiga can ba ya ɓacewa.

An san shi da rashin sani ko sabo a wannan aiki. Da Ashafa na sashen tururi ya ce kakanninsa daga Madina suka zo, Gwadabe ya bi diddigi har ya gano wani ƙauye ne mai wannan suna a gabas da Kano, ya kuma buga haka. Ashafa ya daina gaishe shi na ɗan lokaci, daga baya ya huce.

Shi kansa Gwadabe bai taɓa shakkar nasa asalin ba. A ƙauyensu gidan Arɗo ake ce wa gidansu, kowa kuwa ya san Arɗo shugaban Fulani ne. Fulatancin da yake ji bai wuce gaisuwa ba, amma wannan bai dame shi ba. Abin da Fulatancin ya ba shi wanda ya fi komai daɗi shi ne Modu.

Modu Babarbare ne daga Gashuwa, kakkaura, yana aiki a sashen rini, hannuwansa yau shuɗi gobe kore. Tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa tun na kakanni: kowa yana kiran ɗan'uwansa bawansa, kowa ya faɗa wa ɗan'uwansa abin da ya ga dama, ba a fushi. Tun ranar da suka fara haɗuwa a layin buga kati suka ɗora, ba su sauke ba.

"Bawana, ka zo? Riƙe mini keken nan."

"Ji ɗan Fulanin da ko kaza ba shi da ita. Ina shanun Arɗo, ko iska ta kwashe su kamar yadda za ta kwashe ka?"

"Shanu suna daji. Kai dai wanke hannun nan kafin ka taɓa mini burodi, kada in ci in koma shuɗi."

Lawan yakan ce saboda su biyun nan ne rabin masu shan shayinsa suke zuwa. Ranar da Gwadabe ya kwanta zazzaɓi, Modu ne ya taka har ɗakinsa da kwanon kunu, yana shiga yana cewa ya zo ne ya duba ko dukiyarsa ta lalace.

Wata rana a taron ƙungiya, Ashafa, wanda bai manta da Madina ba, ya ɗaga hannu ya ce an buga asalin kowa, saura na mai bugawa. Gwadabe ya yi murna ma. Ranar Lahadi ya sa farar riga, ya sayi goro, ya nufi Ɗorayi wajen Gwaggo Hajjo, yayar mahaifinsa, wadda take zaune a gidan ɗanta kuma ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ga Arɗo da idonsu.

Ya same ta a tsakar gida tana ɓare gyaɗa. Bayan gaisuwa ya gyara zama ya ce, "Gwaggo, ku ba ni labarin kakanmu Arɗo. Shanunsa sun kai nawa?"

Tsohuwa ta dube shi, ta ajiye faifai, ta kama dariya har da tari.

"Shanu? Baba akuya ɗaya gare shi, ita ma gurguwa."

"To, ai ko Arɗo yakan yi asara."

"Wace asara, ɗan nan? Sunansa Bukar. Daga Barno ya zo da jakuna yana sayar da kanwa, ya ga Inna a bakin rijiya, ya ƙi komawa. Fulanin garin abokan wasansa ne, su suka ga yana jan akuyar nan da igiya kullum safiya suka ce ga Arɗo zai fita kiwo. Shi ke nan suna ya bi shi. Da ma ka ga zanen Barebari a fuskarsa! Tun daga goshi har haɓa."

"Amma Gwaggo, Baba bai taɓa faɗa mini ba."

"Ka tambaye shi? Kai da kake tambayar mutanen duniya."

Gwadabe ya turo kekensa daga Ɗorayi, bai ma tuna ana hawa ba sai da ya yi nisa. Zama Babarbare bai dame shi ba, mutanen kirki ne, ga ilimi. Modu ne damuwarsa. Asali ta wajen uba ake binsa, in kuwa haka ne shi da Modu 'yan gida ɗaya ne, kuma mutum ba ya kiran ɗan gidansu bawa. Idan ya buga, wasan ya mutu. Idan ya ɓoye, da wane ido zai dubi Ashafa, kuma me zai kai laburare?

Falalu ya ba shi shawara da ya ga rubutun. "Malam, ka rubuta Arɗo kawai ka yi shiru. Ai ba ƙarya ka yi ba, haka ake kiransa."

"Akuyar fa?"

"Akuya ba ta karatu."

Gwadabe ya dubi tafireta, ya ce a buga duka, har gurguntar.

Ranar da jaridar ta fito, teburin Lawan ya cika har ana tsayuwa. Ashafa ya karanta wa jama'a da ƙarfi, ya maimaita wajen akuya. Gwadabe ya daure, yana jiran Modu, don ya san duk abin da waɗannan suka faɗa somin-taɓi ne. Sai ga Modu ya taho. Ya cire takalmi, ya ɗan rusuna, ya miƙa hannu biyu.

"Sannu ɗan'uwa. An tashi lafiya? Yaya iyali? Allah ya ƙara zumunci."

Ya karɓi shayinsa ya koma gefe ya sha cikin natsuwa, ya yi sallama ya tafi.

Haka aka yi ta yi. Kullum Modu ya gaishe shi da ladabi, ya ba shi hanya a bakin ƙofa, har keken yakan riƙe masa ba a roƙe shi ba. Gwadabe ya gwada tsokanarsa da maganar hannun shuɗi, Modu ya duba hannun ya ce, "Gaskiya ne, yaya, zan ƙara sabulu." Gwadabe ya rasa inda zai sa kansa. Shayi ya daina yi masa daɗi. Lawan ya fara ƙorafin ciniki ya ja baya. Matar Gwadabe, Hansatu, ta tambaye shi ko an rage masa matsayi ne a wurin aiki, ya ce da ma hakan ne da ya fi sauƙi.

A taron ƙungiya na gaba, a gindin darbejiyar da ke bayan masaƙa, Modu ya zo da babbar riga da doguwar hula, tare da wasu dattawan Barebari daga Sharada da Challawa. Ya nemi izinin magana. Gwadabe ya sunkuyar da kai, yana tsammanin za a yi masa addu'ar shiga dangi ne.

"Jama'a," in ji Modu, "mun karanta abin da aka buga, kuma mun sa ido a kan mutumin nan. Na ba shi girma in ga ko zai iya ɗauka irin namu, sai ya rame. Na sa masa kifi banda a gaba, ya ce ya ƙoshi alhali cikinsa yana kuka, wannan kunyar ta wace ƙabila ce? Na gaishe shi da yarenmu, ya ce mini amin. Saboda haka Bukar namu ne, Allah ya jiƙansa, akuyar ma tamu ce. Jikan kuwa ya daɗe a hannun Fulani, ya lalace, ba ma karɓa. Su riƙe kayansu."

Dattawan suka gyaɗa kai, fuska ba alamar wasa. Wuri ya kaure da dariya. Gwadabe ya miƙe, idonsa har ya kawo ruwa, ya ɗaga muryar nan tasa ta masaƙa.

"Kai bawana! Wa ya ba ka izinin sa babbar riga a gabana?"

"Alhamdu lillahi, ya warke," in ji Modu. "Lawan, ba shi shayi, kada iska ta ɗauke shi."

Fitowar da ta biyo baya ta ɗauki jawabin Modu kalma da kalma, ita ma tana cikin kwalin, a bayan ta akuya.

Lokacin da na same shi, masaƙar ta rage ma'aikata, jaridar ta tsaya, Gwadabe ya koma sayar da yadi a ƙofar gidansa a Zawaciki. Modu yana zuwa duk Juma'a bayan masallaci, wai don ya ga ko ana kula masa da dukiya. Sai da Malam Gwadabe ya gama tambayata wanda ya haife ni, da wanda ya haifi wanda ya haife ni, sa'an nan ya bar ni na yi tawa tambayar.

Na ce, "To Malam, yanzu in an tambaye ku, me kuke cewa, Bafulatani ko Babarbare?"

Ya leƙa titi hagu da dama, kamar mai gudun kada a ji shi, ya yi raɗar da maƙwabta suka ji.

"Daga Asabar zuwa Alhamis jikan Bukar ne ni. Ranar Juma'a kuwa Arɗo nake, har sai bawan nan ya hau motarsa ya tafi."