Layi Huɗu na Malam Zamani

Shekara tara na yi ina buga wa Malam Zamani tafireta, kuma kafaɗata ba ta yafe mini ba har yau. Shi ne hedimastan firamaren da ke bayan layin dogo a Kafanchan, wadda a da ta mishan ce. Ni Catherine, ni ce magatakardar ofishinsa.

Mutumin Fadan Kagoma ne, gajere, mai sanƙo, takalminsa a goge ko da damina ta kai tsakiya. Aikin makaranta bai ishe shi ba, sai da ya ɗora wa kansa wani. So yake ya ga 'ya'yan yankinmu sun shiga jami'a, kuma ba su shiga su fita kawai ba, su zauna a ciki su koyar. Yakan ce ya zaga jami'ar da ke Zariya lungu-lungu, ya tarar da mutanenmu a bakin get da kicin da wurin yankan ciyawa, amma masu tsayawa gaban allo ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Duk ƙarshen wata sai ya hau jirgin ƙasa zuwa Kaduna, ya wuce Zariya, ya dawo da fom cike da jaka. Ran Lahadi bayan sujada ya tsaya a ƙofar coci yana tare iyaye. Wani ya ce masa aikin citta ya taso, ba mai sakin yaro yanzu. Wani ya karɓi fom ɗin da hannu biyu, matarsa ta naɗe ƙosai da shi. Cikin waɗanda muka cika wa, wasu sun faɗi, wasu sun tafi soja, wasu reluwe ta ɗauke. Shekara na zagayowa, sai ya sake ɗaukar jaka. Na sha ganinsa ya dawo ya zauna ya cire tabarau, sannan ya ce in sa takarda a tafireta.

Abu ɗaya ne bai iya ba. Malam Zamani bai taɓa yabon yaro ba. A gida an koya masa cewa babba ba ya yabon ɗansa a gaban mutane, don yabo yana jawo ido, yana kuma kumbura kai. Da ya je makarantar mishan sai ya tarar da irin wannan da wata riga: Turawa suna rubuta rahoton ɗalibi, su fara da laifinsa don kada girman kai ya kama shi. Ya haɗa biyun ya riƙe gam. In yaro ya zo na ɗaya, abin da zai samu shi ne, "To, ka gyara rubutunka."

Bernice 'yar garinsu ce, ubanta manomin citta. Malam ne ya ɗauko ta tun tana aji uku, shi ya cika mata fom na sakandare, shi ya raka ta Zariya da akwatinta a kansa. Ta gama digiri a kimiyyar tsirrai a 1976, ta tafi bautar ƙasa. Tana dawowa sashenta ya sanar zai ɗauki mataimakan malamai biyu, a horar da su, a tura su ƙaro karatu. Abin da Malam ya yi shekara da shekaru yana bin jirgi dominsa ke nan, ga shi ya zo bakin ƙofa. An nemi wasiƙu uku, biyu daga malamanta, ɗaya daga wanda ya san halinta tun a gida.

Ta zo ofis ta durƙusa ta ce, "Baba, kai ne za ka rubuta mini."

Da ta tafi, ya yi ta zagaya ofis kamar kazar da za ta yi ƙwai. Murna ce, na gane ta. Sannan ya tsaya ya faɗa mini abin da zan buga da Turanci. Ya san ta tun tana ƙarama. Ba ta da yawan magana. Wani lokaci tana da taurin kai, kuma tana jinkiri wajen yanke shawara. Amma tana jin gyara. Shi ke nan, layi huɗu.

Na ɗaga hannu daga tafireta na ce, "Malam, ba za a ƙara ba? Ita ce fa ta zo ta ɗaya a lardi. Ita ce ta koyar da ajin manya a coci shekara biyu ba wanda ya sa ta."

Ya ce, "Catherine, yarinyan nan kamar ni na haife shi. Kina so in buga ganga a kan ɗana? Takardunshi za su yi magana. Mutumin kirki ba ya son talla."

In ya zo maganar da ta taɓa zuciyarsa, Hausarsa takan koma ta gida, mace da namiji duk ɗaya. Na san wasiƙar ba daidai take ba. Na buga wa wasu hedimastoci irinta, na ga yadda suke cika shafi biyu a kan yaron da ko jimla bai iya haɗawa ba. Amma ranar na gaji, kuma musu da Malam aiki ne na wuni guda. Na buga, ya sa hannu, na kai gidan waya.

Ba a ɗauke ta ba. Martins, wani ɗan Kagoro da ke aiki a ɗakin karatu na jami'ar, shi ya kawo bayani da ya zo hutun Kirsimeti. Ya ce ba wanda ya zalunce ta. Mutum huɗu suka yi kunnen doki a sakamako, sai aka koma kan wasiƙu. Na sauran sun zo da shafi-shafi, kowa ɗansa shugaba ne tun a zanen goyo. Da aka zo kan ta Bernice, wani a kwamitin ya ce in wanda ya rene ta bai sami abin faɗa ba sai taurin kai da jinkiri, su wa ne su da za su fi shi saninta.

Malam ya saurara har ƙarshe. Bai yi musu ba, ya dai tambayi Martins ko za a sake ɗauka. Martins ya ce akwai gurbi ɗaya baɗi.

Nawa laifin yana nan tafe. Bernice ta zo ofis wata ranar kasuwa Malam ba ya nan. Ta ce tana tsoron ko wasiƙar ɓata ta yi a hanya. Ni kuma don in wanke kaina sai na buɗe fayil na miƙa mata kwafin. Ta karanta a tsaye, ta sake karantawa, ta miƙo mini, ta yi godiya. Bayan sati biyu muka ji ta karɓi aikin koyarwa a wata sakandare ta 'yan mata kusa da Zonkwa.

Da aka sake tallar gurbin a 1978, Malam ya rufe ƙofar ofis ya ce in sa takarda. Wuni muka yi. Ya faɗi yadda ta bi gonakin citta na ƙauyuka biyar da ƙafa tana tara ganyen da ciwo ya kama, tun ba wanda ya ce mata wannan bincike ne. Ya faɗi yadda ta raba rigimar ɗalibai da mai dafa abinci tana 'yar shekara sha shida, kowa ya tafi ba a kore shi ba. Ya tuna ranaku, ya tuna maki, ya tuna abubuwan da ita kanta na tabbata ta manta. Kowace jimla sai ya tsaya ya share gumi, kamar mai faɗin zunubi gaban fasto. Shafi uku muka cika. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, don duk wannan yana cikinsa tun bara.

Ya ce in raka shi, wai ƙafarsa tana damunsa. Muka shiga mota zuwa Zonkwa da sabon fom da wasiƙar. Muka same ta a ɗakin malamai, alli a hannunta har gwiwar hannu. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta kawo masa kujera da ruwa. Ya miƙa mata takardun yana kallon taga.

Ta karanta shafi ukun a hankali, ba ta tsallake layi ba. Ta ninke, ta ɗora fom ɗin a kai, ta miƙa masa da hannu biyu.

"Na gode, Baba. Amma ba zan cika ba."

"Don me? Gurbi yana nan. Gobe ne rufewa? Akwai sati uku."

"Baba, shekara ashirin ina gabanka, ba ka taɓa faɗin abin da ba ka yarda da shi ba. Wasiƙar farko ita ce taka. Wannan tausayina ka ji."

Ya buɗe baki ya ce gaskiya ce, kowane layi gaskiya ne. Ya juyo ya ce in shaida. Na shaida. Ta yi mana murmushi irin wanda ake yi wa manya in sun yi ƙoƙari, sai aka buga ƙararrawa, ta nemi izini ta tafi aji.