Ƙwaryar Nono da Kwaɗon da na Sa a Famfon Yashe

Ko na bar aikin nan ba zan manta da ranar da na garƙama wa famfon Yashe kwaɗo ba. Ku da aka ɗauka bana, ku saurara.

Lokacin ina ƙaramin jami'in sa ido a ofishinmu na Kankiya. Aikin a takarda mai sauƙi ne. An ƙayyade wa masu rijiyar burtsatse abin da za su karɓa kan kowace jarka. Wanda ya haura, mu rufe famfonsa, mu kai rahoto. In laifin ya tabbata a ƙwace lasisinsa.

Wata Talata tsakiyar damina na isa Yashe, wajen rijiyar Malam Sada mai aiki da hasken rana. Ina tsaye wata tsohuwar Bafulatana ta cika jarka ɗaya tak, ta sauke masa ƙwarya cike fal da kindirmo. Na auna a raina, nonon nan ya sayi jarka goma. Jinina ya tafasa.

"Malam, nawa ka sai da mata ruwan nan?"

"Ban sai da mata ba, yallaɓai."

"To nonon fa?"

"Ai nono ne."

Kun ji amsa! Na juya ga tsohuwar, Inna Hajjo sunanta, na ce, "Inna, cutar ki ake yi." Ta yi mini kallon wanda rana ta taɓa wa kai. Ban tsaya wata-wata ba na danna kwaɗo, na hau babur ina jin na ƙwato wa talaka haƙƙinsa.

Washegari maigidana, shugaban shiyya, ya karanta rahoton har sau biyu. "Gurbin farashi ka rubuta ƙwarya ɗaya. Naira nawa ce ƙwarya?" Na ce ya danganta da kasuwa. "To kan wane farashi ka kama shi?" Sai ya buɗe kundin ƙa'idoji, ya bi shi shafi-shafi, babu nono a ciki ko ɗigo.

Muna cikin wannan sai ga Inna Hajjo, ta biyo motar Kusada, ko zama ba ta yi ba.

"Ɗan nan, mi Sada ya yi maka?"

Na sake yi mata lissafin jarka goma. Ta ce, "Yanzu shanuna tabki suke sha, nono ya yi yawa, shi ya sa nike cika mashi ƙwarya. In bazara ta yi, tabki ya ƙafe, garken duka a kwamin rijiyarshi suke sha, safe da marece. Lokacin nonon da nike samu ko ludayi uku bai kai ba, shi nike kai mashi. Bai taɓa cewa ya yi kaɗan ba. Haka muka yi da ubanshi tun rijiyar ta guga ce."

Kaina ya ƙara kullewa. Da damina ta biya fiye da ƙa'ida, da bazara ƙasa da ƙa'ida. To ya karya doka ko bai karya ba? Na ce, "Inna, ai gara ki riƙa biyan kuɗin da aka ƙayyade, ya fi miki sauƙi."

"Saniya da jarka take sha? In ka sa in biya kuɗi da bazara, sai na sai da saniya in shayar da sauran. Wacce za ka zaɓa mani?"

Wallahi kunya ta rufe ni. Farashin da na je in kare ta da shi, shi ne zai ci mata saniya.

Maigidana ya rufe kundin ya ce, "Je ka buɗe kafin azahar." Na ce, "Ranka ya daɗe, me zan sa a gurbin farashi?" Ya ce shi ma bai sani ba. Kwana ɗaya da wuni mutanen unguwar suna shan ruwan tabki saboda ni, amma da na je buɗewa Malam Sada bai faɗa mini baƙar magana ba, ya ma zuba mini nonon a kofi.

Har yau in kun tambaye ni ko ya haura farashi, ba ni da amsa. Gurbin nan babu komai a ciki aka ajiye fayil ɗin. Abin da na koya kawai, takardarmu jarkar rana ɗaya take aunawa, su kuwa shekara suke aunawa. Kada ɗayanku ya ciro kwaɗo kan abin da ya gani da damina, sai ya tambayi yadda ake yi da bazara.