Ƙarfen da Ke Cinyar Basomale

Shekarar da na zo umra na ƙi komawa gida, mu uku muke kwana a ɗaki ɗaya a unguwar Waziriyya: ni, da wani Basomale dogo mai ɗingishi, da wani Bahabashe Musulmi marar son magana. Dukanmu dako muke yi a wani sito a unguwar masana'antu, muna sauke buhunan shinkafa. Babu mai iƙama, wato takardar izinin zama, a cikinmu. Da guntun Larabcinmu muke fahimtar juna.

Na daɗe da su kafin na san sun taɓa yaƙar juna. Basomalen ne ya faɗa mini wata safiya muna cin wake da burodi.

"Ya Takari, ka ga wannan?" Ya nuna Bahabashen da haɓa. "Sojan Habasha ne, ni sojan Somaliya. A kan wani daji mai ƙaya da raƙuma muka yi."

Na ce, "To, me ya haɗa ku?"

"Rashawa suka koya mini harbi, har takalmi suka ba ni. A da can Amurka ce ke bayan su Habasha. Rannan muka wayi gari Rashawan sun tattara kayansu sun koma wajensu. Daga baya Amurka ta zo wajenmu. Babu wanda ya yi shawara da mu."

Bahabashen bai ɗago kai ba. Ya ce, "Ni akuya na kai kasuwa aka kama ni, aka jefa a mota." Ya ci gaba da cin abincinsa. Ashe ɗaukar waɗanda aka ji wa rauni aka sa shi, yana riƙe wa likitan soja kwano.

Da zafi ya tsananta, cinyar Basomalen ta kumbura. Akwai ɓarɓashin ƙarfe a ciki tun lokacin yaƙin, ɗaukar buhu ta motsa shi. Zazzaɓi ya kwantar da shi. Asibiti kuwa sai da takarda, shi ya sa ko zancen ba mu yi ba.

Ranar Juma'a bayan mun sauko daga masallaci, Bahabashen ya shigo da reza sabuwa, da auduga, da ɗan hantsaki. Ya tafasa rezar da hantsakin a tukunyar shayinmu.

Ya ce mini, "Yalla, maza danne masa gwiwa."

Na danne. Basomalen ya cusa gefen zaninsa a baki, Bahabashen ya tsaga wurin da reza. Ina kallon ruwan da ke fitowa, ina jin ƙarar fanka, ban ji tausayi ba, ban ji ƙyama ba. Tunanin da nake yi shi ne wa zai wanke tabarmar.

Abin da ya fito bai kai ƙwallon dabino ba, baƙi, mai kaifi. Basomalen ya tofar da zanin, yana haki.

"Na wa ne?"

Bahabashen ya juya shi a tafin hannu. "Na Rasha. Namu na Rasha ne, naku ma na Rasha. Ko mu ne, ko naku ne suka kuskure, Allah ne masani. Halas, zance ya ƙare."

Ya jefa shi cikin gwangwanin kifi, na fitar da shara.

Ciwon ya warke, ɗingishin bai tafi ba. Muna wajen mai shayi wata rana talabijin ta nuna ana sauke jar tutar Rashawa, aka ce ƙasar ta wargaje. Na dubi su biyun. Basomalen ya ce a ƙara masa sukari. Bahabashen ya ce mu tashi kada motar sito ta bar mu.

Ba a jima ba masu kame suka tare hanya. Mu biyu muka tsallake katanga, Basomalen bai iya gudu ba. Aka mayar da shi ƙasarsu, a lokacin da ko gwamnati babu a can. Ba mu sake jin labarinsa ba.

Bahabashen ya naɗe katifar Basomalen ya jingine ta a bango. Kafin wata ya ƙare muka sami wani ɗan Chadi ya karɓi wurin. Shi ma akwai tabo a wuyansa, dogo, har bayan kunne. Ban tambaye shi ba.