Jan Fentin da Na Goge a Jikin Injin Madara

Shekarun baya, lokacin da Maiduguri ke rufe ƙofa tun kafin magariba, ina da ƙaramar masana'antar yogot a unguwar Dala ta cikin garin. Ni ɗan kasuwa ne, ban san cikin inji ba. Abokina ne ya sani, wani makanike Bakano da muka fara harkar tare.

Injin sanyaya madararmu farantan ƙarfe ne sirara, an jera su an matse da dogayen kusoshi. Madara mai zafi ta bi wannan tsakanin, ruwan sanyi ya bi na gaba. Roba ce ke hana su haɗuwa, zafin kawai ke ratsa ƙarfen. Duk sanda abokina zai wanke injin sai ya ce, "Alhaji, zo ka gani." In ce, "Idan na koya, kai me za ka ci?" Ya ce, "Kai dai kanka duk ciniki ne."

Da rikici ya tsananta, ya kwashe iyalinsa ya koma Kano. Ban hana shi ba. Ba a jima ba aka yanke layukan waya.

Wata safiya injin ya toshe, ga matan Shuwa sun kawo madara bayan sun sha tsayuwa a shingayen hanya. Babbarsu ta ce, "Alhaji, mu dai mun iso da ita. Kar ta lalace a hannunka."

Na kwance shi ni kaɗai. Na wanke kowane faranti tas, har da wani jan fenti da na gani a gefensu, na ce ƙazantar makanikai ce. Na jera su duka fuska ɗaya, kamar kwanuka a shago. Ina kunnawa, madara ta cakuɗe da ruwa tana tsiyaya ƙasa. Duro guda ya tafi.

Na zauna a kan bokiti. Sai a lokacin na gane fentin nan layi ne da abokina ya ja a karkace don kada jerin ya ɓace. Na kira lambarsa, alhali na san ba za ta shiga ba.

Can na tuno abin da yake gunaguni da shi in yana jerawa: "Ɗaya kai sama, ɗaya kai ƙasa. In ka ga saƙar zuma a gefe, ya zauna." Na sake kwancewa, ina juya su ɗaya bayan ɗaya har saƙar ta fito. Kafin la'asar sauran madarar ta fito da sanyinta. Na waiwaya in ce masa, ka gani? Babu kowa sai ƙarar janareta.

Da waya ta dawo na ba shi labari. Ya yi ta dariya: "Ashe kana jina, Alhaji." Bai sake zama a garin nan ba.

Yanzu duk wanda ya ce in zo in gani, ajiye ciniki nake yi in je. Layin kuwa ni nake ja da hannuna, ja kamar nasa, amma har yau bai taɓa fita daidai irin nasa ba.